Wayar da Ummi Ta Ciza

Ku gyara zama, ku ajiye hira tukuna, ga wata na kawo muku. Ba ta zamanin kakanni ba ce, ta jiya-jiyan nan ce. Idan na kai ƙarshenta kuma ku za ku yanke hukunci, ni nawa faɗa ne kawai.

Akwai wata matar aure mai suna Barira, tana zaune da mijinta Haladu da 'yarsu Ummi a wani gidan haya a Kano. Barira ba mai yawan magana ba ce. Idan abokan mijinta sun zo, daga bayan labule take gaishe su, ta turo ruwa, ta koma ciki. Amma ba abin da ke wuce ta. Daga takun Haladu a ƙofar gida takan gane ko ya yini lafiya ko an ɓata masa rai, tun kafin ya yi sallama.

Haladu yana aiki a wani babban kamfanin taliya da fulawa, irin mai ma'aikata a kowace jiha. Aikinsa zaga kasuwanni, ya duba abin da ya ƙare a shaguna ya sanar da ofis. Kamfani ne ya ba shi waya don wannan aiki, wani lokaci ya rubuta rahoto, wani lokaci ya naɗi murya. Dokar kamfani ita ce ba a ajiye abin gida a cikin wayar, kuma an ɗaure ta yadda ba a iya tura komai daga cikinta zuwa wata.

To, Haladu ɗan fari ne. Mahaifiyarsa, Iya Hansatu, mutuniyar wani ƙauye ce da ake kira Kwarin Maje, garin da duwatsu suka kewaye, sai an hau tudu ake samun sabis ɗin waya. Ko a cikin tsofaffin garin an san Iya da tsananin kunyar ɗan fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Idan ya zo gaishe ta, sai ta juya fuska wajen bango ta ce da wanda ke kusa, "A tambayi mutumin Kano ko ya ci abinci." Shi kuma ya amsa wa bangon, "A ce na ci." A haka ya girma, bai taɓa ƙorafi ba.

Wata rana sun je ƙauye lokacin Ummi tana haƙori, duk abin da ta samu sai baki. Haladu ya bar wayar a kan tabarma ya tafi masallaci, Barira tana madafa, aka bar Iya da takwararta, don sunan Iya aka sa wa Ummi. Yarinya ta rarumi waya ta kai baki, ta yi ta gatsa, har ta danna wurin naɗar murya ba wanda ya sani. Sai da suka koma Kano, Haladu yana neman wani rahoto, ya ci karo da muryar Iya:

"Ke, saki wayar mutane, ba rogo ba ce. Ta ubanki ce. Kin san ubanki kuwa? Haladu. Haladuna. Ran da aka haife shi na juya masa baya, mutane suna cewa kai, Hansatu akwai kunya. Ba su san ta gefen ido nake kallonsa ba. Har yau ta nan nake kallonsa. Allah ka tsare mini Haladu a kan hanya. Ke kuma idan kika faɗa masa, ni da ke ne."

Daga nan sai dariyarta, sai kukan akuya daga nesa, sai ta katse.

Haladu bai gaya wa kowa ba. Damina ba ta zagayo ba Allah ya yi wa Iya rasuwa. Tun daga lokacin, kullum idan ya dawo daga sallar asuba sai ya zauna a kan turmin da ke kife a tsakar gida, ya kara wayar a kunne, ya rage sauti, ya saurara. Yana tsammani ba wanda ya lura. Barira kuwa tun safiyar farko ta ji, tana tsugune tana hura gawayi. Ta ci gaba da fifita wutarta kamar ba ta ji ba, kuma daga ranar ba ta ƙara yin shara a wannan lokacin ba, don kada ƙarar tsintsiya ta shiga tsakaninsa da Iya.

Ana nan, Barira na da tsohon ciki na biyu, sai kamfani ya ce zai sauya wa dukan ma'aikatansa waya, a karɓe tsofaffin a ba su wasu sababbi na wani kamfanin daban. Aka tara su a ofis. Wani saurayi daga sashen kwamfuta mai suna Mudassiru ya tsaya ya ce, "Kowa ya kwantar da hankalinsa, duk abin da ke cikin tsohuwa zai koma sabuwa." Haladu ya so ya tambaya, amma me zai ce? A gaban mutane ya ce muryar uwata? Sai ya miƙa wayar, ya karɓi sabuwa a kwalinta mai ƙyalli.

Da yamma Barira ta ji takunsa da sauri-sauri. Ya zauna a kan turmi ya yi ta latsa sabuwar waya, ya shiga nan, ya fita can. Abin da aka aika ofis duk ya dawo. Abin da ba a taɓa aikawa ba kuwa, yana can cikin tsohuwar. Tuwo ya huce a gabansa. Washegari ya dawo daga masallaci, ya tsaya a gaban turmin ya dube shi, sai ya wuce ɗaki. Rana ta gaba ma haka. Da Barira ta ce, "Baban Ummi, ko jikin ne?" sai ya ce, "Gajiya ce kawai."

Barira ta san ba zai taɓa buɗe baki ya nema ba. Da ya fita aiki sai ta zura hijabi, ta goya Ummi a kan wannan nauyin nata, ta nufi gidan Isiyaku, amininsa tun suna yara a Kwarin Maje, wanda suke aiki tare. Ta same shi yana goge babur.

"A'a! Yau rana ta ina ta fito? Maman Ummi da kanta, ba labule?" in ji Isiyaku. "Ko ya fara hana ki cefane ne in je in kama shi?"

Ta durƙusa, idonta a ƙasa, ta ce, "Malam Isiyaku, magana ce na zo da ita, amma don Allah kada ya ji daga bakina ta fito."

Ta faɗa masa komai. Isiyaku ya ajiye tsumman da ke hannunsa. Shi ma ya ci tuwon Iya, shi ma ya san bangon nan da ake yi wa magana. Ya ce, "Tashi ki je gida. Kin gama naki."

Abin da ya faru a ofis, a bakin matar Isiyaku Barira ta ji shi. Isiyaku ya shiga wurin manaja, wata mata mai suna Madam Rifkatu, wadda ko masu gadi sun san ba ta wasa da doka. Ya san idan ya ce Haladu ne ya ajiye abin gida a wayar kamfani, za a hukunta shi, kuma kafin azahar duk ofis an ji sirrin da mutumin ya ɓoye ko ga matarsa. Sai ya ce shi ne. Ya ce shi ya ari wayar Haladu ya naɗi muryar wata tsohuwarsu da ta rasu. Madam ta ce wayoyin suna cikin kwalaye, an rufe, tirela ta tashi da su Legas tun asuba, can za a goge su. Isiyaku bai motsa ba. Ta yi waya, ta sha shayi, ta fita taro ta dawo, yana nan tsaye. Daga ƙarshe ta cire tabarau ta ce, "Isiyaku, ka karya doka, za ka zauna a gida mako biyu, kuma ƙarin matsayin da ake maganar ba ka bana ka manta da shi. Wayar kuma, idan direba ya yarda ya buɗe kwali, ni ban gani ba. Amma ta dawo hannuna bayan kun gama." Ya ce, "Na gode, ranki ya daɗe," kamar wanda aka yi wa kyauta.

Direban tirelar sunansa Abdulhamid, amma kowa Lamidi yake kiransa. Iyayensa mutanen Ilori ne, a Sabon Gari aka haife shi, kuma bai san Haladu ba ko a fuska. Kiran Isiyaku ya same shi a Tegina, inda direbobi ke haɗuwa su yi ayari kafin su shiga dajin da ba a son mota ta bi ita kaɗai. Isiyaku ya yi masa bayani. Lamidi ya ce, "Malam, ka san abin da kake cewa? Wayoyi ɗaruruwa ne, duk baƙaƙe, duk kamarsu ɗaya, an ɓare sunayen da ke jiki. Ta yaya zan gane ta?" Sai Isiyaku ya hau babur ya zo ya miƙa wa Barira wayar ta bayan labule.

"Ina wuni," in ji Barira, da ƙyar ake jin ta.

"Lafiya lau, Hajiya, ɗaga murya, injin ne ke ƙara."

"A kusurwar ƙasa, ta hannun hagu, akwai shaidar haƙori. Guda biyu ne a sama, ƙanana, da 'yar wushirya a tsakani."

"Haƙori? Ɓera ne ya ci ta?"

"'Yata ce."

Lamidi ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ni tawa uwar ko hotonta ba ni da shi. Bari in gani."

Ayari ya tashi ya bar shi, abokansa suna yi masa hon suna cewa ya haukace. Ya yanke hatimin kwalaye da hannunsa, ya san shi za a tambaya a Legas. Ya zauna cikin bayan tirela da rana tsaka, ƙarfe ya ɗau zafi, yana ɗaukar waya ɗaya-ɗaya yana shafa kusurwarta da babban yatsa. Sai da rana ta karkata yatsansa ya faɗa cikin wasu 'yan ramuka biyu. Ya naɗe ta a hularsa, ya sa a cikin langar abincinsa ya rufe, ya bi dajin nan shi kaɗai yana salati. Ya kai Legas, ya sha faɗa da tambayoyi, ya dawo Kano da langa a ƙarƙashin kujera.

Sa ta a langa kuwa ba dabararsa ba ce, ta Mudassiru ce, saurayin nan na sashen kwamfuta. Shi da ya ji labari, gumi ya karyo masa, don ya tuna shi ne ya tsaya ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa. Ya kira Lamidi ya ce, "Don girman Allah kada ka kunna ta. Daga babban ofis an riga an aika wa duk wayoyin umarnin gogewa. Tana kunnuwa ta ga sabis, shi ke nan, komai ya tafi. Ka sa ta cikin abin ƙarfe mai murfi." Umarnin ba shi ya bayar ba, ba shi da ikon janye shi. An kuma sauya lambar sirrin wayar, kuma a duk reshen Kano shi kaɗai ya san hanyar buɗe ta, hanyar da idan aka ji ya bi ba izini, aikinsa ne a bakin ƙofa. Ya ce abu ɗaya ya rage, a sami wurin da babu sabis ko ɗigo. Isiyaku ya dube shi ya ce, "Yaro, ai garinmu kake faɗa."

A tsakanin nan an kai Barira Kwarin Maje, wurin iyayenta, ta sauka lafiya, ta sami ɗa namiji. Haladu ya zo, ya ɗauki yaro ya yi masa addu'a, ya yi murmushi, amma Barira ta ga murmushin bai kai ido ba. Ana gobe suna, bayan la'asar, sai ga mutum uku sun yi sallama a gidan su Haladu, Isiyaku a gaba, wani ƙato riƙe da langa kamar mai kai wa surukai abinci, da wani siririn saurayi da jaka a kafaɗa. Barira tana ɗakin da ke jikin na Iya, gwaggon Haladu ta kawo ta ganin dangi, jariri na cinyarta.

"Isiyaku, lafiya? Su wane ne baƙin namu?" in ji Haladu.

"'Yan suna ne, sun yi sammako da yawa. Buɗe mana ɗakin Iya."

Aka buɗe. Gadonta na nan, tasbaharta na rataye a ƙusa. Lamidi ya buɗe langa, ya warware hula. Da Haladu ya ga shaidar haƙoran nan sai ya zauna a ƙasa. Mudassiru ya cire layin wayar, ya jona mata caji daga jakarsa, ya yi ta aiki gumi na ɗiga daga haɓarsa, don ya san dama ɗaya ce. Can sai fuskar wayar ta kawo haske. Ya nemo muryar, ya ajiye wata na'urar naɗa a gefenta, ya nuna wa Haladu inda zai danna. Sannan Mudassiru ya miƙe ya ce, "Wannan ba tamu ba ce." Ya ja Isiyaku da Lamidi suka fita har bayan gida, ya sa yatsu ya toshe kunnuwansa.

Ta cikin bango Barira ta ji. "Ke, saki wayar mutane, ba rogo ba ce." Wannan karon ba a rage sauti ba. Muryar Iya ta cika ɗakinta, ta kira sunan nan a gaban bangon da ta yi shekaru tana juya wa fuska. Gwaggo da ke tankaɗe a tsakar gida ta saki rariya ta ce, "La ilaha illallahu! Hansatu, ashe kin iya faɗarsa?" Sai ta rufe fuska da zane.

Da Haladu ya fito, idonsa jajir, bai nufi wurin maza ba. Ya tsaya a ƙofar ɗakin da Barira take.

"Wa ya gaya wa Isiyaku?"

Ta sunkuyar da kai tana gyara wa jariri hula.

"Ashe kin sani?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ran da ka fara zama a kan turmi."

Sannan ya ce, "Shi ya sa kika daina sharar safe."

Daga nan ya fita zaure, ya ce a gaban dattawa, sunan mahaifinsa ƙannensa sun riga sun sa wa 'ya'yansu, saboda haka yaron nan sunan ɗaya daga cikin mutum ukun nan zai ci. Isiyaku ya ce, "Ni ai ɗan gida ne, a ba baƙo." Lamidi ya ce, "Ni ɗauko kaya kawai na yi, aikina ke nan, a ba mai ilimin." Mudassiru ya ce, "Ni da na jawo abin? Ku rufa mini asiri."

Zaure ya kaure da gardama. Masu goyon Isiyaku suka ce ba don ya tsaya a gaban manaja ya ɗauki laifin da ba nasa ba, ya rasa matsayinsa, da ba a ko fara ba. Wasu suka ce ai amini ne, dole ne ya yi, kuma da ƙarya ya shiga. Masu goyon Lamidi suka ce mutumin da bai taɓa ganinka ba ya bar ayari ya shiga daji shi kaɗai saboda uwarka, ina wanda ya kai shi? Wasu suka ce da ya kawo ta ba mai buɗewa, da langa kawai ya kawo. Masu goyon Mudassiru suka ce ba don shi ba da Lamidi ya kunna ta a Tegina don ya tabbatar, komai ya goge, kuma ga shi ya buɗe ya ƙi saurara. Wasu suka ce wanda ya ɓata abu ya gyara, biya ya yi, ba kyauta ba. Gwaggo ta leƙo daga cikin gida ta ce, "Da mace aka haifa da na raba muku gardama, don na san wadda ta fi ku duka." Aka yi dariya, amma namiji aka haifa.

Gari ya waye, an shimfiɗa tabarmi, an raba goro da dabino, rago na ɗaure a gindin bishiya. A cikin gida Barira ta rungume yaron, ta kasa kunne wajen zaure, tana jiran ta ji sunan da za ta yi ta kira har ƙarshen ranta, don wannan ba ɗan fari ba ne, ba kunyar da za ta hana ta. Liman ya karkato da kunnensa wajen Haladu. Haladu ya dubi Isiyaku, ya dubi Lamidi, ya dubi Mudassiru.

To, jama'a, liman na jira, rago na jira, mai jego na jira. Ku da kuka ji yadda aka yi, sunan wa ya kamata Haladu ya raɗa a kunnen liman?